Yadda ake bibiyar kabon ɗin itatuwa da na ƙasa da hoton tauraron ɗan'adam

Duk wanda ya kawo maka taswira ya ce ga adadin kabon ɗin da ke dajin garinku, tauraron ɗan'adam ne ya auna, tambaye shi itace nawa ya ɗaura wa tef. In ya ce ko ɗaya, ajiye taswirar tukuna. Tauraro ba ya ganin kabon, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska su adana a jikinsu da cikin ƙasa. Abin da yake kamawa shi ne hasken rana da ya faɗa kan ganye ko ƙasa ya koma sama, ko kuma amon rada da shi kansa ya aiko ya dawo masa. Mu ne ke mayar da wannan zuwa tan kaza a kowace hekta, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an shiga gona da daji an yi awo da hannu. Aikina ke nan, rabi a gaban kwamfuta, rabi a cikin ƙaya. Ina rubuta wannan ne domin matasanmu da suka karanta ilimin gandun daji ko labarin ƙasa, waɗanda ƙungiyoyi ke ɗauka aiki yanzu ana ce musu su fitar da lissafin kabon.

Buƙatar ta yi yawa ne saboda masu ba da kuɗi sun daina gamsuwa da hoton ranar dashe. Shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 100 da adana tan miliyan 250 na kabon kafin 2030. Dole wani ya auna. Ga kuma kamfanonin cinikin kabon da ke yawo ƙauyuka da takardun sa hannu. Al'ummar da ba ta da nata mai awo, duk abin da aka gaya mata shi za ta karɓa.

Fara da iyaka, da sanin me kake ƙirgawa

Ka zagaya filin da waya mai GPS, ko ka zana iyakarsa a QGIS, manhajar da kyauta ce. Ka sa taswirarka a tsarin UTM domin awon faɗi ya fito da mita: Kano, Katsina, Zariya da Maraɗi suna shiyya ta 32, Sakkwato ta 31, Maiduguri ta 33. Kafin ka taka gonar kowa, je wurin dagaci ko mai unguwa ka yi bayani dalla-dalla. Baƙo da tef da na'ura a hannu, a idon manomi, mai shirin ƙwace fili ne har sai ya nuna ba haka ba.

Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya raba ma'ajiyar kabon gida biyar: jikin itace na sama, saiwa, mataccen itace, busasshen ganyen da ya zube, da kabon ɗin cikin ƙasa. A gonakinmu mataccen itace ba ya kwana, murhu ke jiransa. Ganyen da ya zube kuwa dabbobi da gara da iska sun raba. Ni nakan tsaya kan uku: sama, saiwa, ƙasa, in kuma rubuta a rahoto cewa na bar biyu da gangan.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata ka sani tun wuri. Taswirar dazuzzukan duniya da aka fi amfani da ita, wadda Matthew Hansen da abokan aikinsa na Jami'ar Maryland suka fitar a 2013, wadda kuma shafin Global Forest Watch ke nunawa, tana ƙirga abin da ya haura mita 5 a tsayi ne, da ɗigon hoto mai faɗin mita 30. Ga dajin Kuros Riba ko na Kwango tana da amfani ƙwarai. Ka buɗe ta kan gonakin Zindar kuwa, sai ka ga kusan fayau, alhali a yankunan Maraɗi da Zindar ne manoma suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Itace ɗaya a tsakiyar gonar gero ba ya cika ɗigo mai mita 30, sai ya ɓace. Da Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da tawagarsa suka yi amfani da hotuna masu kaifin rabin mita, sun ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, aka buga a 2020. A 2023 Compton Tucker na NASA da su suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya: itatuwa biliyan 9.9, ɗauke da kimanin tan miliyan 840 na kabon. Saboda haka kada ka kwafi adadin taswirar duniya ka liƙa wa gonar karkara. Yi amfani da ita don ganin inda aka sare daji mai duhu, shi ke nan.

Wane hoto, kuma na wane wata

Ga aikin yau da kullum, Sentinel-2 na Turai shi ne abokin tafiya. An harba na farko a 2015, ɗigonsa mita 10, yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, kuma kyauta ne. In kana son tarihi, Landsat na Amurka ya faro tun 1972, an buɗe taskarsa ga kowa a 2008; ɗigon hotunansa daga tsakiyar shekarun 1980 mita 30 ne. Da shi za ka ga yadda gefen dajin Falgore yake shekaru talatin da suka wuce. Kana iya duba su a Copernicus Browser, ko ka yi lissafin a Google Earth Engine, wanda ke aiki a kan na'urorinsu, kai dai sakamako za ka sauke. Ga mai fama da tsadar data da ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In rubuta umarnin kwamfuta bai zauna maka ba tukuna, SEPAL na hukumar FAO yana da yawancin matakan a maɓallai.

Zaɓen wata ya fi zaɓen tauraro muhimmanci, kuma nan ne sanin gida ke yi maka rana. Hoton Agusta ba shi da amfani wajen ƙirga itace: gero kore, ciyawa kore, itace kore, ga gajimare. Jira bayan kaka, an yanke amfani, ciyawa ta bushe, itatuwa kuma ba su gama zubar da ganye ba. Nuwamba zuwa farkon Disamba nake fara dubawa. Duk koren da ka gani a lokacin, in ba fadama ko lambu ba, itace ne. Gawo kuma yana yi mana alheri, domin shi da damina yake tsirara, da rani yake cika da ganye, don haka hoton Janairu ko Fabrairu yana fito da shi sarai. Kuka akasin haka take: da wuri take kaɗe ganye, in ka makara ba za ka same ta ba sai inuwarta. Shi ya sa nake haɗa hotunan watanni da dama na rani maimakon dogaro da na rana ɗaya. Ka kuma riƙa buɗe kowane hoto da idonka, saboda hazon hunturu yakan dushe shi ba tare da manhajar cire gajimare ta gane ba.

Ma'aunin kore da kowa ke fara koya shi ne NDVI. Sentinel-2 yana karanta haske zango-zango, kowane zango da lambarsa: ka ɗebe zango na 4 daga zango na 8, ka raba da jimillarsu. Yana nuna yawan ganye, amma ganye ba gungume ba ne. Sabara da kalgo da suka yi cunkus za su iya fin tsohuwar tsamiya kore, alhali ita ta ninka su nauyi. Don haka ka ƙara rada. Sentinel-1 yana aiko da zango gajere, kimanin santimita 5.6, wanda ganye da ƙananan rassa ke mayarwa. PALSAR na Japan yana da zango kusan santimita 24, yana kutsawa har manyan rassa da gungume, kuma hukumar JAXA na ba da haɗaɗɗen hoton shekara-shekara mai ɗigon mita 25 kyauta. Rauninsa shi ne idan nauyin itace ya kai wajen tan 100 a hekta sai ya daina bambancewa, amma dazuzzukanmu na arewa galibi ba su kai nan ba. Ɗauki na rani, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ƙara ƙarfin amon, sai ka zaci itace ne.

Sai GEDI, na'urar leza da aka ɗora kan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Disamban 2018. Tana harbo haske kan da'ira mai faɗin mita 25, ta auna tsayin itatuwan ciki. Ɗigo-ɗigo take bayarwa a jere, tazarar mita 60 a kan layi, mita 600 tsakanin layuka, ba shimfiɗaɗɗen hoto ba. A daji kamar Yankari tana taimakawa sosai. A gona mai itace jefi-jefi sau da yawa sai ta faɗa tsakanin itatuwa, don haka ina ɗaukarta da taka-tsantsan. Akwai sababbi biyu da aka harba a 2025: Biomass na Turai a 29 ga Afrilu, mai zangon rada kusan santimita 70, da NISAR na Amurka da Indiya a 30 ga Yuli. Na farkon an ƙera shi ne musamman don dazuzzuka masu duhu. Na biyun ne nake ganin zai fi yi wa irin ƙasarmu amfani.

Awon fili

Raba yankinka kashi-kashi bisa abin da hoto ya nuna: daji mai kauri, saura, gona mai itatuwa, fako. A kowane kashi bar kwamfuta ta zaɓo maka wuraren awo ba tare da son rai ba. In ka bar wa ƙafarka zaɓi, inuwa da bakin hanya za ta bi, sai lissafinka ya kumbura. A daji, da'ira mai nisan mita 17.84 daga tsakiya ta ba ka kashi ɗaya cikin goma na hekta. A gona wannan ya yi kaɗan. Yi da'ira mai nisan mita 40, wato kusan rabin hekta, ko ma cikakkiyar hekta. Babban fili yana kuma rage ɓarnar kuskuren GPS na waya, wanda kan kauce da mitoci. Kada ka gaza wurare talatin a kashin da ya fi muhimmanci, in da hali ka wuce haka nesa.

Kowane itace a ciki, rubuta sunansa, ka auna kewayen gindinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, ka raba da 3.14 ka sami kauri. Sanda mai tsayin 1.3 ta fi ƙirjin mutum gaskiya, tunda ma'aikata ba tsayi ɗaya suke ba. In ya rabu biyu ƙasa da nan, auna kowane reshe daban. Auna tsayi da na'urar awon kusurwa ko manhajar waya, sannan faɗin inuwar kansa ta fuska biyu, domin da shi za ka haɗa itacen da abin da tauraro ya gani. Saka komai a KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, yana aiki ko babu sabis. Tafi da dattijon garin. Zai gaya maka sunan itacen da littafinka bai sani ba, da shekarar da aka sare wurin.

Wajen mayar da wannan awo zuwa nauyin itace, ƙa'idar da aka fi amfani da ita a ƙasashe masu zafi ita ce ta Jérôme Chave da abokansa, ta 2014. Ka ninka nauyin jikin itacen, wato nauyin ɗan guntun busasshen katakonsa, da kaurinsa, ka sake ninkawa da kaurin, sannan da tsayinsa. Ka ɗaga sakamakon zuwa ƙarfin 0.976, ka ninka da 0.0673. Abin da ya fito busasshen nauyi ne da kilo. Misali gawo mai kauri santimita 40, tsayi mita 12, mu ɗauka nauyin jikinsa giram 0.55 a kowane guntu mai santimita ɗaya a tsayi, faɗi da kauri. 0.55 sau 40 sau 40 sau 12 ya ba da 10,560, ƙarshen lissafi kuma kilo 569. Kabon kashi 47 cikin ɗari ne na busasshen itace, wato kilo 267. In gona tana da irinsa 25 a hekta, kana da tan 6.7 a sama. Ga saiwa, jadawalin IPCC na 2006 ya ce a busasshen daji a ƙara 0.28 na nauyin sama in ya haura tan 20 a hekta, 0.56 in bai kai ba. Itacen ƙasa mai fari yana zuba ƙarfinsa ne a neman ruwa. Masu cinikin kabon kuwa, da iskar kabon dayoksaid suke lissafi, sai ka ninka kabon da 3.67. Rubuta a fili wanne kake nufi, domin rikita waɗannan biyun kaɗai yakan ninka adadi kusan sau huɗu.

Ƙa'idar Chave ba ta san makiyayi ba. Gawon da ake datse wa rassa duk rani don dabbobi yana da gindi babba da kai ƙarami, lissafi zai ba shi nauyin da ba shi da shi. Sa wa irin waɗannan alama a fom ɗinka. Kuka ma haka: jikinta laushi ne cike da ruwa, in ka ba ta nauyin jikin ƙirya ko marke ka tafka ƙarya. Nemi ƙa'idar da aka gina a Sahel don irin itacen in akwai, jami'o'in Nijar da Burkina Faso sun yi aiki a kai.

Haɗa sama da ƙasa

Yanzu kowane wurin awo yana da adadi biyu: tan nawa ka samu da tef, da kuma abin da taurari suka karanta a daidai wurin. Sai ka koya wa kwamfuta dangantakarsu, ta shimfiɗa hasashe kan sauran yankin. Kamar mai ƙiyasta hatsin gari ne ta kallon rumbuna daga waje: sai ya leƙa cikin da dama kafin girman jinka ya gaya masa wani abu. Earth Engine yana da hanyar Random Forest a shirye, ta kuma wadatar. Ware kashi ɗaya cikin biyar na wuraren, kada kwamfuta ta gan su, ka gwada hasashenta a kansu. Tazarar da ka samu ita ce kuskurenka, kuma dole ta fito a rahoto kusa da adadin. A ɗigo ɗaya kuskuren yakan yi girma, a jimillar dubban hektoci yakan ragu. Don haka ka yarda da jimillar gunduma, amma kada ka gaya wa manomi tan nawa ke gonarsa daga taswira kawai.

Akwai dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da rashin tsaro ya hana shiga. Nan za ka ari dangantakar da ka gina a daji mai kama da su, ka faɗa a sarari cewa aro ne.

Ƙasa

Nan ne kabon ya fi yawa, nan ne kuma tauraro ya fi rauni. Mita ɗaya ta saman ƙasar duniya tana riƙe da kimanin tan biliyan 1,500, fiye da ninki biyu na abin da ke jikin dukan tsirrai. Amma hoto fatar ƙasa kawai yake gani, ita ma sai in tsirara take. Lokacin dubawa shi ne Afrilu zuwa Mayu, bayan sharar gona, kafin ruwan shuka. Ƙasa mai taki takan fi duhu, sai dai toka ma duhu ce, danshi ma haka, jar ƙasa kuma launin ƙarfen cikinta ke rufe komai. Ni dai amfanin hoto a nan shi ne ya raba mini yanki, jigawa daban, fadama daban, laka daban, ya nuna mini inda zan haƙa. Taswirar SoilGrids mai ɗigon mita 250 da ta iSDAsoil mai mita 30 suna ba da hasashen farko, amma hasashe ne, ba sa nuna abin da ya sauya bana.

A kowane wurin awo haƙo ƙasa zuwa zurfin santimita 30 daga gurbi biyar, ka gauraya, ka ɗebi kamar rabin kilo. Gara ka raba zurfin biyu ko uku, tunda saman ne ke saurin sauyawa. Kada duka gurbin su kasance ƙarƙashin itace, inda dabbobi ke kwana ganye ke zuba. Shanya a inuwa, tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2, kai ɗakin gwaji. Akwai su a Samaru da Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in. Tambayi hanyar da za su bi. Yawanci Walkley-Black ce, mai sauƙin kuɗi, amma ba ta kama dukan kabon sai an yi gyaran lissafi. Ƙonawa a na'ura ta fi daidai. Wadda ka fara da ita, da ita za ka ci gaba.

Abin da aka fi mantawa shi ne danƙarewar ƙasa. Buga zoben ƙarfe wanda ka san cikinsa, ka ciro ƙasar yadda take, a busar a zafin digiri 105, a auna nauyinta, a raba da girman cikin zoben, shi ne danƙarewar. Lissafin ba wuya: kason kabon cikin ɗari, sau danƙarewa, sau zurfi da santimita. Jigawa mai kashi 0.4, danƙarewa 1.5, zurfi 30, ta ba da tan 18 a hekta. Kwatanta da tan 6.7 na gawon nan 25.

Bibiya

Awo ɗaya ba bibiya ba ne. Binne guntun rodi a tsakiyar kowane wurin awo, ka ɗauki hoto ta gabas, yamma, kudu da arewa, domin wanda zai dawo, wataƙila ba kai ba, ya sami wurin. Sara da gobara tauraro na kama su da wuri: kwatanta hoton Nuwamban bana da na Nuwamban bara, kada ka haɗa watanni daban, kuma shafin FIRMS na NASA yana nuna wuta cikin sa'o'i. Girma kuwa a hankali yake. Kada ka ɗebe taswirar bara daga ta bana ka kira bambancin riba, domin kuskuren kowacce ya fi girman shekara ɗaya yawa. Shekarar da aka yi ruwa sosai ma takan sa komai ya yi kore ba tare da gungume ya ƙaru ba. Sake ɗaura tef bayan shekara uku zuwa biyar.

Ƙasa ta fi haka jinkiri. Mu ce gonar nan mai tan 18 tana ƙaruwa da tan 0.3 a shekara. Bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, bambancin gurbi da gurbi a gona ɗaya ya fi shi. Kafin shekara biyar ban ga amfanin sake haƙa ba, kuma duk rahoton da ya ce ya ga ƙaruwar kabon ɗin ƙasa cikin damina ɗaya daga hoto, ina neman ganin takardar ɗakin gwajinsa. Ka kuma sa ido a wajen iyakarka, zoben kilomita kaɗan: in an hana sara a nan, masu gawayi suka koma ƙauyen gaba, abin da ka adana an ƙone shi a can, kuma masu tantancewa za su cire shi daga lissafinka. Ragowar ƙasar da aka gwada, zuba ta a kwalba mai murfi, rubuta lambar wuri da zurfi da kwanan wata, ka adana a busasshen ɗaki. In lokacin awo na biyu ya zo, a gwada tsohuwa da sabuwa tare, a ɗaki ɗaya, da hanya ɗaya.